Shokolar da Aka Sa Ni Na Cinye

Ranar Alhamis ce, cikin watan Disamba, shekara uku da 'yan watanni bayan ƙasarmu ta samu 'yancin kai. An idar da sallar la'asar ke nan. Wurin kuwa zauren wani gida ne a garin Sarkin Hausa, cikin ƙasar Mayahi. Mu biyar ne. Akwai wan mahaifin yarinyar da nake nema da aure, wanda shi ne zai ba da ita ko ya hana. Akwai gwaggonta, zaune a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Akwai kakarta, uwar su biyun, can kusurwa a kan tabarma, da ƙwarya a gabanta tana ɓarar gyaɗa. Sai kawuna, mai awon gyaɗa a Mayahi, sai ni. Mahaifinta bai zo ba, domin 'yar fari ce, ba ya sa baki a maganarta gaban mutane. A tsakiyarmu, a ƙasa, an ajiye wani ƙaramin gwangwanin shayi, an danne murfinsa da dutse.

Gwangwanin nawa ne. Abin da aka tara mu a kansa shi ne ko na sa wa 'yarsu sammu a ciki. In zaman ya tashi a kan haka, za a mayar mini da goro da sabulu da turmin atamfar da na kai, a rufe maganar aure, kuma labarin ya riga ni isa Tasawa, inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko.

Yadda abin ya faro shi ne, kakar da ta gabata na je hutu wurin kawuna. Lokacin cinikin gyaɗa ne, buhuna sun yi tsibi sun fi ɗaki tsawo, manoma na shigowa da jakuna da raƙuma tun hantsi. Yawancinsu ba sa karanta ma'auni, abin da mai awo ya kira shi ke nan. Rannan wani dattijo ya kawo tasa gyaɗar, da wata budurwa a bayansa riƙe da igiyar jaki. Kawu ya ɗora buhu, ya kira lamba. Sai budurwar ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Baba, a sake dubawa dai."

Kawu ya sake dubawa, ya yi tari, ya kira wata lambar. Da suka tafi ya juyo ya ce mini, "Ɗana, ka auri yarinyar can ka kai ta Tasawa, in samu in yi aikina cikin kwanciyar hankali."

Ta yi lakwal a Mayahi har aji shida, abin da ba a cika gani ba a wancan zamani. Na bi hanyar da ake bi. Kawu ya kai gaisuwa, aka ba ni izinin zuwa zance. Duk Lahadin da na samu kamiyon gyaɗa, wato babbar mota, mai zuwa Mayahi sai in hau bisa buhuna, daga can in ari dokin kawu in ƙarasa.

A wani zancen ne ta ce mini, da yake Mushe ake kiran malamin lakwal, "Mushe, a littafin karatunmu akwai wani yaro da uwarsa ke ba shi shokola duk ranar da ya dawo daga lakwal. Shekara da shekaru muna karanta shi. Ba wanda ya taɓa gaya mana ko miya ce ko tuwo."

Shokola shi ne abin da mutanen ƙetaren iyaka ke kira cakulan. Ni sau ɗaya na taɓa cin sa, a makarantar horon malamai. Na yi ƙoƙarin kwatanta mata. Na ce kamar alewa ne amma ba alewa ba, yana da zaƙi, yana da ɗan ɗaci, yana narkewa a baki.

Ta ce, "Wato ba ka sani ba."

Na ce zan kawo mata.

A watan Disamba kantunan Maraɗi kan kawo irin waɗannan kaya saboda bikin Turawan da suka rage a garin. Na ba wani direban kamiyo saƙo, ya zo mini da sanduna uku, kowane a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Da na gutsura gefen ɗaya sai na ji abin ya fi wanda na sani ɗaci nesa ba kusa ba. Na ɗauka na tafi wurin wani tsoho da ke gasa burodi a bayan tashar Tasawa. Shi ne kukun kumandan, Baturen mulki, a da. Da kumandan ya koma ƙasarsu, abin da ya rage wa tsohon shi ne farin gyauton aiki, da tukwane biyu na ƙarfe, da wasu gwangwanaye da madam, matar kumandan, ta bari.

Ya shinshina, ya lasa, ya ce, "An sayo maka na girki. In ka kai wa mace wannan haka, tofar da shi za ta yi, ta haɗa da kai." Ya ce akwai wani abu da madam kan sa shi yi a ƙarshen shekara, a narkar da shokolar da madara da man shanu, a bar shi ya yi sanyi, a mulmula ƙanana kamar ƙwan kurciya. Ya faɗi sunansa da Faransanci. Ya ce zai nuna mini, amma ba zai yi mini ba, domin shi ba aure yake nema ba.

Mun yi shi ne bayan sallar asuba, don a lokacin ne kawai hannu ke da sanyin da ake bukata. Na sayo man shanu sabon kaɗi wurin Fulani, tsohon ya sa na wanke shi da ruwan randa sau uku, ina murzawa ina zubar da ruwan, har warin ƙwarya ya fita. Aka ɗora babbar tukunya da ruwa a kan garwashi, aka sa ƙaramar a cikinta. Dokarsa ɗaya ce: kada ko ɗigon ruwa ya shiga cikin shokolar. A ranar farko ɗigon ya shiga, daga hannun rigata. Abin ya dunƙule nan take ya zama kamar laka mai tsakuwa. Tsohon ya leƙa, ya ce, "Da a gidan kumandan ne, da yanzu kana hanyar garinku." Sanda ɗaya ta tafi a haka.

Washegari na naɗe hannun riga har kafaɗa. Sanda ta biyu ta narke sumul, na zuba madarar gwangwani kaɗan-kaɗan yana tsaye a kaina, na sa man shanun, na juya har abin ya yi sheƙi. Muka juye a kwano muka rufe, muka binne gindinsa a jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa. Na tafi na koyar da aji na dawo. Asubahin rana ta uku na tsoma hannuwana a ruwan sanyi, na goge, na mulmula. Goma sha biyu suka fita. Na kawo shawara a birkiɗa su cikin dakakkiyar gyaɗa, tun da gyaɗa ce ta cika ƙasar. Ya ƙi. Ya ce madam ba ta taɓa yin haka ba. Ya buɗe ɗaya daga cikin gwangwanayensa, ya zuba garin koko a faranti, muka birkiɗa su a ciki suka fito baƙi-baƙi. Na sha tunanin wannan daga baya. Da na yi gardama an sa gyaɗar, da kowa ya ɗauka dakuwa ce, da babu wannan labari.

Ban ci ko ɗaya ba. Cokali kawai na lasa. Na jera su a gwangwanin shayi, na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, na riƙe shi a cinyata bisa buhunan gyaɗa har Mayahi, ina kare shi da hula.

Al'adar gidan, kamar ta ko'ina a ƙasarmu, ita ce duk abin da saurayi ya kawo ba a hannun budurwa yake sa shi ba. Gwaggo ake miƙa wa. Ita ce za ta buɗe, ta nuna wa mutanen gida, ta raba, a aika wa dangi da maƙwabta nasu, don kowa ya shaida ana neman 'yar gidan. Na san wannan sarai. Goro da sabulu duk ta nan suka bi, ban taɓa cewa komai ba. Amma dunƙule goma sha biyu a gidan da ya fi mutum talatin, na san abin da zai kai gare ta. Don haka da na miƙa wa gwaggo gwangwanin sai na ce:

"Gwaggo, wannan nata ne ita kaɗai, kada a raba. A sa shi ƙarƙashin randa, kada rana ta gan shi. Kuma ta ci kafin kwana uku."

Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "To, Allah shi yi albarka." Aka ce mini yarinyar ta je unguwa, ba za a yi zance ba ranar. Na hau doki na koma.

A ƙasar nan aka haife ni, ba sai an gaya mini ba. Duk bokan da ya ba mutum ƙulli, sharuɗɗan da zai gindaya ke nan: mutum ɗaya, a ɓoye daga rana, cikin kwana kaza. Na faɗe su duka uku a jere, ban bar ko ɗaya ba. Wannan kuskurena ne, na yarda. Abin da ban yarda da shi ba har yau shi ne, ina tsaye a gabanta, da bakina, ba ta tambaye ni ba. Kalma biyu sun isa. Ta yi mini murmushi, ta sa mini albarka, ta jira na ba da baya, sannan ta fitar da gwangwanin daga gidan ta tura shi ƙarƙashin rumbu ta danne da dutse. Aka kai wa wani malami ya shinshina, ya ce bai san shi ba, kuma abin da bai sani ba ba zai ce alheri ne ba. Ranar Laraba saƙo ya iske ni a lakwal cewa ana nemana da kawuna.

A hanya kawu ya ce mini, "In an tambaye ka, ka ce a kanti ka saye shi haka."

Na ce ba haka aka yi ba.

Ya ce, "Na san ba haka aka yi ba. Aure kake so ko gaskiya?"

To, ga mu a zauren. Bayan gaisuwa mai tsawo, wan mahaifin ya gyara zama ya ce, "Mushe, mun ga kana da ladabi, shi ya sa ba mu kai maganar ga gaban mai gari ba. Mi ke cikin gwangwanin ga?"

"Shokola ne, Baba. Wata irin alewa ce ta Turawa."

"Alewa fara na sani, da ja. Ban taɓa ganin alewa kamar kashin raƙumi ba. Wa ya yi shi?"

"Ni na yi, da hannuna."

Kawu ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

Gwaggo ta ce, "Kun dai ji. Namiji da gemunsa ya zauna ya dama abu, ya mulmula, ya ce mace guda za ta ci. Yaya, in ba magani ba, mi ke sa namiji mulmula?"

Na zo da shirina. Na ciro takardar da aka naɗo shokolar a ciki, na miƙa masa. Na bayyana yadda aka yi tun daga Maraɗi: na girki ne, yana da ɗaci, an sa madara da man shanu. Rana na narkar da shi, shi ya sa na ce a ɓoye. Madara na lalacewa, shi ya sa na ce kwana uku. Kaɗan ne, shi ya sa na ce nata ne. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya shimfiɗa takardar a gwiwarsa ya goge ta da tafin hannu, ya shinshina, sannan ya ce:

"Da a cikin wagga takarda ka kawo shi, a rufe yadda Nasara ya rufe shi, da ba wanda ya kira ka."

Daga baya na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo, inda aka horar da mu kada murya ta nuna abin da ke zuciya. Ina jin a zauren nan na fara koyon aikin. Shekara uku ke nan ana gaya mana mun karɓi ƙasarmu. Ni kaina ina tsayar da yara kowace safiya a gaban tuta. Ga shi dattijon da ya san kawuna shekara ashirin, ya san gidanmu, ya ci goron da na kawo, yana gaya mini cewa abin da wani baƙo da bai taɓa gani ba ya naɗe a wata ƙasa ya fi abin da na wanke wa hannu na yi aminci. Kuma bai faɗa don ya ci mini fuska ba. Gaskiyarsa ya faɗa. Wannan ne ya fi ciwo.

Kawu ya shiga tsakani. Ya ce, "Abu mai sauƙi ne. A ba akuya ɗaya ta ci mu gani."

Gwaggo ta ce, "Akuyar wa? Tawa ciki gare ta. In ta ci ta bi shi Tasawa, kai za ka je ka koro mini ita?"

Wan mahaifin ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ba sai an wahalar da dabba ba. Mai abu shi ci abinsa, muna kallo."

Aka ɗauke dutsen. Ba wanda ya yarda ya taɓa murfin, ni na buɗe. Sun ɗan yi laushi, wasu sun manne da juna, amma ba su lalace ba. Na ƙirga da ido, na sake ƙirgawa. Na ce, "Goma sha biyu na kawo. Goma sha ɗaya ne a nan."

Gwaggo ta ce, "Yanzu kuma ɓarayi ka mayar da mu?"

Kawu ya taka mini ƙafa. Na bar maganar.

Na ɗauki na farko na sa a baki. Dole in faɗi wannan, domin yana cikin abin da ya faru: ya yi daɗi. Garin kokon ya fara ba da ɗacinsa, sannan abin ya buɗe ya narke, ba tsakuwa, ba warin ƙwarya. Tsohon kukun ya san aikinsa, ni ma na yi nawa. Ban taɓa cin abin da ya kai shi ba, kuma ina cinsa ne a durƙushe gaban mutum huɗu da ke jiran su ga ko idona zai juye. Wadda aka yi shi dominta tana cikin gidan, bango ɗaya ne tsakaninmu.

Da na ci huɗu na tsaya. Na ce, "Baba, kun ga na ci. A bar mata sauran, ko da guda ne."

Ya ce, "Ƙila a gudan ne abin yake."

Na ci gaba. Abin da aka yi don a ci ɗaya yau, ɗaya gobe, shi na yi ta turawa kamar ɗan wake. Daga na bakwai zaƙin ya fara hawa mini kai. A na tara kawu ya roƙa a ba ni ruwa, gwaggo ta miƙo moɗa, amma ta ce in na sha a bar ta nan gefe, kada a mayar da ita randa. Duk wannan lokaci ba abin da ake ji a zauren sai ƙarar ɓawon gyaɗa a hannun kaka. Na haɗiye na goma sha ɗaya, na kifa gwangwanin don kowa ya ga ba saura.

Aka zuba mini ido na ɗan lokaci. Ban faɗi ba, ban yi surutai ba.

Sai gwaggo ta ce, "Ni dai ban ga abin da wanga ya nuna ba. Wanda ya haɗa magani ai tun daga gida ya sha makarinsa."

Wan mahaifin ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Akwai wannan kuma."

Na ce, "Baba, ku kuka ce in ci, na ci. Yanzu an ce cin bai nuna komai ba. To, don me aka sa ni?"

Ban ɗaga murya ba, amma ba a yi wa dattijo irin wannan tambaya a zaurensa. Kawu ya kama gefen rigata ya ja. Fuskar dattijon ta canza. Ya juya wurin ƙanwarsa ya ce, "Tashi ki ɗauko masu kayansu."

Gwaggo ta dafa ƙasa za ta miƙe, sai kaka ta ce, "Ke, zauna."

Ba ta ɗago kai daga ƙwaryarta ba. Ta ɓare wata gyaɗar, ta jefa ɓawon gefe, ta ce, "Ni na ci gudan."

Gwaggo ta ce, "Inna."

"Tun ran Lahadi, da kika aje shi kika tahi kiran yayanki. Yau kwana huɗu. Tun da ya shigo nake kallonsa ko zan ji wani abu. Ban ji ba. Kunnuwan nan nasa dai suna nan yadda na san su, kamar na zomo." Sannan ta dube ni. Kakar budurwa kan ja saurayin jikarta da wasa ta kira shi mijinta, ita ma haka take kirana. Ta ce, "Mai gidana, da maganin so ne, da yanzu na ƙulle tsummokarana ina bisa kamiyo."

Gwaggo ta ce, "Inna, ai ba sunanki aka kira a kansa ba."

Kaka ta ajiye ƙwaryar. Ta ce, "Ni na haife ki, ni na haifi wanga da ke zaune yana shari'a. Na ga magani iri-iri kafin ku yi haƙori. Toka ake sawa, da sassaƙe, da abin da ba a faɗi. Man shanun da ke cikin abin ga an wanke shi, ba sau guda ba. Shekara hamsin ina kaɗa nono, harshena ya sani. Wane boka ne zai zauna wankin man shanu? Yaron ga wauta ya yi, ba mugunta ba."

Dattijon ba zai musa wa uwarsa a gaban baƙi ba, kuma ina jin ya ji daɗin samun mafita. Ya shafa gemu ya ce, to, tun da tsohuwa ta faɗa, magana ta ƙare.

Ni kuwa na kasa haƙura. Na ce, "Kaka, me ya hana ki faɗa tun da farko?"

Ta ce, "Na zaci za su ce a gwada a kan tsohuwa, tun da ita ce ta kusa tahiya. Ina nan ina jira. Sai suka ba ka duka."

Kawu ya fara dariya, dattijon ya bi, har gwaggo ta rufe baki da gefen zane. Ni ban yi ba. Ba na jin akwai abin dariya a ce mutum ya ɗebe asubahi uku yana aiki, a kira shi mai sammu, a sa shi ya cinye kyautarsa da bakinsa, alhali shaidar da za ta wanke shi na zaune taku huɗu daga gare shi tana jiran rabonta.

Hukuncin da aka yanke shi ne, maganar aure na nan. Amma daga ranar duk abin da zan kawo ya zo daga kanti a rufe, ya bi ta hannun gwaggo, a raba yadda aka saba. Kuma dattijon ya ƙara da cewa su ba sa ba da ɗiyarsu ga namijin da ke shiga madafa, in bar wa mata aikinsu. Kawu ya amsa a madadina tun kafin in buɗe baki. Aka yi fatiha. Na jira ko wani zai ce in yi haƙuri. Na jira a zauren, na jira a ƙofar gida lokacin da ake kwance doki. Abin da gwaggo ta ce mini kawai shi ne in bar gwangwanin, tun da ya riga ya shigo gidan. Kwana biyu na yi a gidan kawu ban iya cin tuwo ba, wani malami ya riƙe mini aji.

Sanda ta uku tana nan a akwatina. Lahadin da ta biyo na kai ta yadda aka ce, a naɗe cikin takardarta mai ƙyalli, ban ce uffan ba lokacin da na miƙa. Gwaggo ta karɓa da fara'a. Ta nuna wa gida, ta sa wuƙa ta gutsuttsura, aka aika wa maƙwabta nasu. Yarinyar ta samu ɗan guntu kamar farcen yatsa.

Da ta fito zance ta zauna a inda ta saba. Can ta ce, "Mushe, wannan ne abin da aka yi zaman shari'a a kansa? Ai gara in tauna ɓawon maɗaci."

Na ce ba shi ba ne. Na ce wancan da na yi daban yake, an sa madara, an sa man shanu, yana narkewa, yana da zaƙi da ɗan ɗaci.

Ta ce, "Haka ka ce wancan karon. Kaka ma haka ta ce. Ku biyu kun ci, ni kuma har yanzu labari nake ji."

Kafin zafi ya shigo tsohon kukun ya samu aiki a wani otal a Yamai, ya tafi da tukwanensa da gwangwanin kokonsa. Bayan shekaru, a gidanmu, inda babu gwaggo babu zaure, na ce mata zan sake yi. Ta ce in bar shi, ta riga ta san ɗanɗanonsa.

An ɗaura aurenmu bayan babbar sallar da ta biyo baya. Gwangwanin ya zo cikin kayanta, a ciki take ajiye allura da zare. Har yau ba ta cin shokola.